Wutar da Ke Ɓacewa Bayan Dawanau

A ƙarshen shekarun 1990, duk motar da ta mutu a hanya a Kano mai ake fara zargi. Lokacin wahalar fetur ne, gidajen mai a rufe, direbobi sun koma saye a galan wajen 'yan bunburutu, kuma ba mai rantse maka cewa ba a gauraya shi da kananzir ba. In mota ta yi tari ta tsaya, sai a kwance kafireta a hura a wanke. In ba ta daina ba a canza famfon mai, a koma kan fulogi da kwayil. Sai an gama wannan zagaye, aljihun mai mota ya yi sanyi, sannan a tuna da masu rewaya. A lokacin ni yaron shago ne, ina koyon wayarin mota a wani gareji kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa.

Motocin da ke zuwa mana kashi biyu ne. Akwai Peugeot 504 da a lokacin ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wadda Ogana ya san wayoyinta ko a duhu. Akwai kuma 'yan Kwatano, tsofaffin motocin Turai da suka fara cika tashoshi a matsayin na haya. Kayan aikin Oga ba su da yawa. Babba a cikinsu shi ne tasta da ya haɗa da hannunsa: ƙwan sigina mai wat 21, an yi masa dalma da waya biyu, ɗaya da maƙali a bakinta, ɗaya da sifok ɗin keke da aka wasa ya yi tsini. Yana da mita kuma, a naɗe cikin tsumma a gwangwani, ba ya fito da ita sai ƙwan ya gama nasa aikin.

Abin da ya fara cusa mini a kai shi ne cewa abin da direba ke kira makulli abu biyu ne a haɗe. Akwai ɓangaren ƙarfe, inda ake zura makullin, wanda kuma ke kulle sitiyari. A bayansa akwai ɓangaren wuta, wani ɗan kurtun roba mai ƙafafu, shi ne suwis ɗin. Shi ma suwis ɗin ba ƙofa ɗaya ba ce. Wuta na shigowa ta waya guda daga batir, amma tana fita ta ƙofofi uku ko huɗu, kowacce da lokacin buɗewarta gwargwadon inda aka murɗa makulli. A motocin Jamus an buga wa ƙafafun lamba, kuma Oga da lambobin yake magana. 30 ita ce wutar batir da ba ta yankewa ko an zare makulli. 15 ita ce wadda ke zuwa in an buɗe makulli, tana ciyar da kwayil da fitilun dashbod. 50 ba ta samun wuta sai a daidai lokacin da ake yin kik, tana tafiya solonayid. 31 ita ce as, jikin mota. Wasu suna da ƙarin ƙafa da ake rubuta wa X, mai kula da waifa da manyan fitilu da fankar ciki, tana yanke su lokacin kik don batir ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya. Daga baya na karanta cewa wannan tsarin lambobi ƙa'ida ce ta Jamus mai suna DIN 72552. Launin wayoyin ma a motocin da muka fi gani iri ɗaya ne: ja ta 30, baƙa ta 15, ja mai ratsin baƙi ta 50.

Amfanin haddace wannan shi ne, kowace ƙofa in ta lalace da irin kukan da mota ke yi. Wanda ya ce motarsa na tashi lafiya amma waifa da manyan fitilu sun ɗauke tare, ba ma fara neman fis biyu da suka ƙone rana ɗaya, ƙafar X da rilenta muke dubawa. Wanda ya ce mota na kamawa muddin yana riƙe da makulli a kik, da ya saki ta mutu, ya riga ya nuna mana layin 15, ko kuma rezistan kwayil a tsofaffin motoci masu kontak. Wanda kuwa ya murɗa makulli dashbod ya kama amma shiru, ko ƙas ba a ji ba, wannan aikin minti kaɗan ne. A kunna fitilar cikin mota a murɗa. In ta dushe sosai, batir ne ko kan batir. In ba ta ko girgiza ba, wutar ba ta isa kik ba sam. Sai a tabbatar giya na firi, a ja birkin hannu, a haɗa babban notin kik da ƙaramar ƙafar 50 da sukundireba. In injin ya juya, kik ya fita daga zargi, saura suwis da wayar da ke tsakani, da kuma makunnin giya in motar otomatik ce.

Waɗannan duk ciwo ne da ke tsayawa a gan shi. Wanda ke wahalar da mai rewaya shi ne mai zuwa ya tafi, kuma a kansa na ga aikin da har yau nake bin sawunsa.

Wani direba ne mai jigilar Kano zuwa Katsina ya shigo mana da bazara, da wata 'yar Kwatano ƙirar Jamus. Dattijo ne, gemunsa ya fara furfura, kuma kana ganin fuskarsa ka san ya gaji. Motar takan tashi da safe ba gardama, ta ɗauki fasinja, ta wuce Dawanau, sai can kafin Bichi ta mutu kamar an yanka ta. Ya gangara gefen titi, ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, bayan ɗan lokaci ya murɗa ta tashi. Wata rana ta kai shi Katsina ba ta sake ba, wata rana ta yi masa haka sau da yawa kafin Tsanyawa. Ya canza kwayil, ya canza fulogi da wayoyinsu, an wanke kafireta har ya daina ƙirgawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne 'yan kamasho sun fara tsallake shi a layi, domin fasinja sun gane motar.

Oga bai taɓa motar ba tukuna. Ya sa na kawo benci, suka zauna.

"Malam, in ta mutu, kafin ka taɓa makulli, me kake gani a dashbod?"

"Oga, ai hankalina na kan titi."

"Daure ka tuna. Jar fitilar batir da ta baƙin mai, suna kamawa ko ba sa kamawa?"

Direban ya yi shiru yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Wallahi ba sa kamawa. Duhu yake yi. Har allurar mai faɗuwa take."

"Kaset fa?"

"Kaset na ci gaba da yi."

Oga ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka ji ko?" Na ji, amma sai da ya warware mini. In mai ne ya yanke, ko kwayil ya gaza, injin zai tsaya alhali makulli na buɗe. Altaneta ta daina caji, matsin baƙin mai ya faɗi, dole jajayen fitilun nan biyu su kama. In kuwa injin ya tsaya dashbod ya yi duhu tare da shi, to wutar da ke ciyar da su duka ce ta ɗauke, wato 15. Kaset da bai tsaya ba ya nuna batir na nan da ransa. Da tambaya uku ya kori kafireta da famfo da fulogi daga maganar. Har yau ina ganin rabin gyaran irin wannan ciwo a bakin direba yake, in an samu mai haƙurin tambayarsa.

Amma saura zargi uku: jar wayar da ke kawo wuta suwis, suwis ɗin kansa, da baƙar wayar da ke fita daga gare shi zuwa akwatin fis da kwayil. Muka cire robar da ke rufe wuyan sitiyari. Babban yaron shagon ya ɗauko mita ya auna, injin a kashe, ya zare soket ɗin fankar lagireto don ƙararta ta dame shi. Batir bolt 12.5. Jar waya kusan haka. Baƙar waya ma ba ta yi nisa da haka ba. Ya ce suwis lafiyarsa lau. Oga ya ce, "Jakin da ba a ɗora wa mangala ba ai kowanne ƙaƙƙarfa ne." Mita ba ta jan wuta, leƙe kawai take yi. Ko da silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, in ba abin da ke ja, za ta nuna maka bolt 12. Shi ya sa ya fi yarda da ƙwan, domin ƙwan wat 21 na jan kusan amfiya 2, kuma ido na ganin bambancin haske da dushewa.

Ya ɗaura wa tastan doguwar waya, ya maƙala ta a ƙafar 15 ta kwayil, ɗaya bakin a jikin mota, ya zaro ƙwan ta taga ya miƙo mini. Aka mayar da soket ɗin fanka. Ya ce wa direban, "Malam, mu je inda take yi maka." Bayan azahar ne, rana na dukan rufin mota. Ina kujerar baya riƙe da ƙwan a tafin hannu, na kare shi da hulata don in ga haskensa sosai. Har muka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau fari ne tas. Daga nan ya fara komawa ruwan ɗorawa. A duk ramin da taya ta faɗa sai ya ƙifta. Na ce, "Oga, yana rawa." Ya ce in zuba masa ido. Muka hau wani wuri mai gargada, ƙwan ya yi ja, ya ƙifta, ya mutu, injin ya bi shi.

Hannun direban ya nufi makulli, kamar yadda ya saba. Oga ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Don Allah kar ka taɓa. Gangara kawai." Wannan riƙon shi ne aikin duka. Da ya murɗa makullin, da ƙarafan ciki sun goga juna sun sake haɗuwa, ciwon ya ɓuya, mu koma gida hannu rabbana. Motar ta tsaya a gefen titi da laifinta a jikinta. Oga ya karɓi tastan, ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya soka tsinin sifok a bayan soket ɗin suwis inda jar waya ta shiga. Ƙwan ya haska fari. Ya matsa zuwa baƙar waya, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Duhu. Wuta ta shiga kurtun, ba ta fito ba.

Ya kama yatsana ya ɗora a kan soket ɗin. Da zafi, har sai da na janye, kuma akwai ƙaurin roba. Sannan ya sa ɗan yatsa ya danna kan makullin sama kaɗan, bai murɗa ba. Nan take ƙwan ya kama, jajayen fitilun dashbod suka dawo, can gaba kuma fankar lagireto ta tashi da ƙugi. Direban ya ce, "Ikon Allah." Oga kuwa fankar yake saurare. Ya ce tun da safe ya lura tana tashi da an buɗe makulli, alhali injin da sanyinsa.

Da muka koma gareji aka bi wayar fankar. Wani ya taɓa yanke ta daga makunnin zafi da ke jikin lagireto, ya jawo sabuwar waya ya murɗe ta a kan baƙar wayar 15, ya naɗe da salatif. Abin da ake kira dairek ke nan, kuma har gobe ana yi. Na fahimci dalilin masu yi. Zafin garinmu ba wasa ba ne, ga cunkoso, ga makunnan zafi na jabu da ke ƙin tashi har injin ya tafasa. Direban da ya taɓa ƙona gasket ya fi son ya ji fanka na juyawa koyaushe. Amma fankar lagireto na jan amfiya goma ko fiye, lokacin tashinta ma ta ninka haka, kuma ba a yi ƙafar 15 don wannan kaya ba. Yanzu ne Oga ya fito da mitarsa. Bai auna daga waya zuwa as ba. Ya sa baki ɗaya a ja, ɗaya a baƙa, injin na aiki, don ya ga nawa ke ɓacewa a cikin suwis ɗin kansa. Lafiyayyen suwis bai kamata ya ci fiye da bolt 0.2 ko 0.3 ba, in ya kai rabin bolt an fara zarginsa. Wannan da ya ɗau zafi sai da ya kusa cinye bolt 3. Aka zare fanka, ya sauko ƙasa da 1.

Lissafin ba shi da wuya. Tsatsa ko ƙuna da ta kai om 0.2 kacal, in amfiya 15 ta bi ta kanta, bolt 3 sun tafi, kuma sun zama zafin wat 45, kusan na ƙwan babbar fitila, a cikin kurtun roba da bai fi babban yatsa kauri ba sosai. Zafin na ƙara ƙuna, ƙunar na ƙara zafi. Da sanyin safiya ƙarafan na manne da juna. In an yi tafiya robar ta yi laushi, sai rami ɗaya ya raba su.

Bayan an cire kan batir na as aka kwance suwis ɗin, Oga ya ɓare shi a kan benci don mu gani. Ƙafar 50 da ta X jan ƙarfensu na ƙyalli. Ta 15 kuwa ta yi baƙi ƙirin, an ƙwaƙule tsakiyarta da ƙananan ramuka inda tartsatsi ya riƙa ci. Robar da ke riƙe da ita ta narke ta koma ruwan ƙasa, ƙafar ta nutse ciki har tana motsi in an taɓa. Ɗan sifirin da ke danna ta ya sha zafi ya saki, ka matsa shi ba ya dawowa. Man gilis da aka shafa a masana'anta ya bushe ya zama gari. Direban ya ɗauki abin ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

Sai ya roƙi abin da direbobi da yawa ke roƙo. "Oga, a yi mini dairek kawai. A sa mini ɗan makunni a dashbod da maɓallin kik, in huta." Oga ya ƙi, kuma ina tare da shi a kan wannan har yau. Makullin sitiyari na nan a wurinsa. Ranar da aka ta da mota da maɓalli aka manta ba a murɗa makulli ba, sitiyari zai kulle a kwanar farko, da fasinja a ciki. Makunnan da ake sawa kuma galibi ba su kai wanda aka cire ƙarfi ba, ga waya ba fis a bayan dashbod. Ya ce, "Malam, rayukan mutane kake ɗauka. Kuɗin suwis bai kai na kwayil ɗin da ka saya ba."

Ni aka aika Ƙofar Ruwa, da ƙaramin batir da ƙwan babbar fitila mai wat 55 a leda. Umarnin shi ne kada in karɓi suwis, sabo ko ɗan Beljiyam, sai na murɗa shi da sukundireba a gaban mai shago, na kunna ƙwan ta kowace ƙafa, na girgiza shi ban ga ƙiftawa ba. Soket ɗin ma aka canza, tunda bakinsa ya buɗe da zafi, sabon suwis a tsohon soket ƙonewa zai sake yi. Fankar kuma aka mayar da ita kan makunnin zafi mai kyau, ta rile. Wuta mai nauyi ta taso daga batir ta fis ta shiga ƙafar 30 ta rilen ta fita ta 87, ƙafafun 85 da 86 kuwa ba sa jan abin da ya wuce amfiya 0.2. Da aka sake aunawa tsakanin ja da baƙa, mitar ba ta kai 0.2 ba.

Kafin ya miƙa makullin, Oga ya zare shi daga cikin damin da yake rataye: makullan gida, na kwaɗo, abin yankan farce, har da ƙaramar tocila. Ya ce nauyin nan na jan kan makulli a kowane rami, yana cinye ɓangaren ƙarfen a hankali. Na tuna da wannan a 2014, lokacin da kamfanin General Motors a Amurka ya janye ƙananan motoci kusan miliyan 2.6 saboda suwis da ke zamewa daga wurinsa ana cikin tafiya, injin ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa in an yi karo. Asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Shawarar farko da aka ba masu motocin kafin a gyara musu ita ce su cire komai daga jikin makullin.

Motocin yanzu sun ƙara wa aikin rassa. Tun 1998 Jamus ta wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci, wadda ke karanta ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli, saboda haka mota na iya yin kik ta ƙi kamawa alhali suwis ƙalau yake. Ƙwan wat 21 kuma ba a soka shi ko'ina yanzu. Wayoyin kwamfutar mota ba sa ɗaukar wannan jan, rawayen soket na jakar iska kuwa ba a kusantarsu da tasta sam. Amma ko a motar da ake tayarwa da maɓalli, in ka jona na'urar bincike a ta Jamus za ka ga tana ba ka labarin 15 da 30 da 50, sai dai rile da kwamfuta ne ke buɗe ƙofofin.

Labarin dattijon ya bazu a tasha. Ba a daɗe ba wani abokin aikinsa ya zo da irin motar, da irin kukan: tana mutuwa a gargada, dashbod ya yi duhu. Shi har ya biya kasuwa ya sayo suwis, ya ajiye a kan benci ya ce a ɗaura masa kawai, yana sauri. Oga ya ture suwis ɗin gefe ya ɗauko tasta. Wannan ba ta buƙaci tafiya Dawanau ba. Ana ta da ita ya sa na riƙa girgiza damin wayoyi daga bonet, ina zuwa kusa da batir ta mutu. Ya soka baƙar waya, duhu. Ya soka ja, ita ma duhu. Wutar ba ta ma iso suwis ba. Muka bi jar wayar baya har kan batir, inda siririyar waya ke fita daga gefen babbar. Daga waje robarta lafiya lau. Da Oga ya tsaga ta da reza, ruwan batir ya cinye cikin ya zama kore, sili biyu ko uku ne suka rage. Aka yanke har inda jan ƙarfe ya fito da haskensa, aka matse sabon kai aka yi dalma. Oga ya mayar wa mutumin suwis ɗinsa a cikin kwalinsa, ya ce ya hanzarta kafin mai shagon ya rufe.